Shehu Shagari: Malamin makarantar da ya ƙi yaƙar Kamaru

Kai da kake kwana a Facebook da TikTok, ka san da zarar Indiya da Pakistan sun fara hararar juna, sai masu sharhi su ce yaƙin duniya na uku ya iso. Su ƙirga jirage da bama-baman nukiliya, shi ke nan. To, rayuwar Alhaji Shehu Shagari za ta nuna maka abin da wannan lissafi ke tsallakewa.

In ka baro Sakkwato ka wuce Bodinga, gaba za ka iske garin Shagari. Nan aka haife shi ranar 25 ga Fabrairu, 1925. Ya yi elementare a Yabo, midil a Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna. Malamin makaranta ne kafin a zaɓe shi majalisar wakilai a 1954, kuma ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Lokacin duniya a tsorace take. Kwana tara kafin rantsar da shi, tauraron ɗan'adam na Amurka ya hango wata walƙiya a tekun kudu da Afirka, aka yi zargin gwajin nukiliya ne da hannun gwamnatin wariyar launin fata, wadda Najeriya ke adawa da ita. Sai a 1993 shugaba de Klerk ya amsa cewa sun ƙera bam shida.

Amma jarrabawar Shagari daga maƙwabta ta zo. A watan Mayun 1981, jami'an tsaron Kamaru suka kashe sojojin Najeriya biyar a iyakar ruwa kusa da Bakassi. Ƙasa ta ɗau zafi, ana ta kiran a rama. A takarda kam, Najeriya ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Shagari bai ba da umarnin kai hari ba. Ya nemi a ba da haƙuri a biya diyya, ya kuma ƙaurace wa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Nairobi. Daga baya gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta nemi afuwa, ta biya.

Wasu sun ce sanyinsa ya yi yawa, sojoji kuma suka kifar da shi ranar 31 ga Disamba, 1983. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba, 2018, aka binne shi a Shagari. Allah ya jiƙansa.

Don haka kafin ka yaɗa hasashen yaƙi, tambayi kanka: wa ke da ikon cewa a harba? Wane matsin lamba yake sha a gida? Ya bar wa abokin gaba ƙofar fita ba tare da jin kunya ba?