Nana Asma'u 'yar Shehu: malamar da tsakar gida ta rena

Kwanan baya a ajinmu a nan Tinyer, wata yarinya ta tambaye ni dalilin da ya sa wata ke raguwa sannan ya cika. Na ce ta yi shiru, ba darasinmu ba ne. Tun ranar ba ta sake ɗaga hannu ba. Abin ya tsaya mini a rai, ya kuma tuna mini da Nana Asma'u, Allah ya jiƙan ta.

An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Maimakon Hussaina, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sauran matan Shehu suka rene ta. Gidan nan kuwa kowa malami ne: uba, baffanta Abdullahi, yayanta Muhammadu Bello, yayarta Khadija, har iyayen nata mata. Littattafai na nan a gida, ba a kuma hana 'ya mace kusantar su ba. Shehu da kansa ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Tana da shekara kamar goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Yaƙi da yunwa da ƙaura ba su yanke mata karatu ba, domin malamanta na tare da ita duk inda aka yada zango. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta iya Larabci, Fulatanci, Hausa da yaren Buzaye, ta bar rubuce-rubuce fiye da 60.

Wajen shekarun 1830 ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jajin ta tattaro 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka, su zo wurin Nana su ɗauki karatu, su koma su koyar a gidajensu. Darasin a waƙe yake, yadda mace za ta riƙe shi tana daka ko tana kaɗi. Ta rasu a 1864, kabarinta na Hubbare a Sakkwato kusa da na mahaifinta. Mu ma a Adamawa 'yan gida ne, don hannun Shehu Modibbo Adama ya karɓo tuta.

A Amurka, wani malami mai suna John Holt ya buɗe mujalla a 1977 yana kira a bar yaro ya koya a gida, ya bi abin da ya ja hankalinsa, ba jadawali ba jarrabawa. Karatun Nana ba haka yake ba sak: akwai allo, akwai tsari, akwai ladabi. Amma sun haɗu a abu guda, wato gidan da yaro ke ganin manya suna karatu, kuma yake samun wanda zai tambaya.

Ni malamin gwamnati ne, ba zan ce kowa ya cire ɗansa daga lekol ba. Mu da muke tsiraru a ƙasar nan muna bukatar takardar shaida. Sai dai yaro na shiga aji ne da abin da ya kwaso daga gida. In an saba kwaɓe shi da cewa ya cika surutu, a gabana ma bakinsa a rufe yake. Mu ne muke cewa matambayi ba ya ɓata, mu ne kuma muke tsawata wa matambayin. Iyaye, in ba ku san amsa ba, ku riƙe hannunsa ku je wurin wanda ya sani.

Jibi zan shiga aji da lemo da tocila, in nuna wa yarinyar nan yadda hasken rana ke faɗa wa wata. Kafin nan zan fara ba ta haƙuri.