Charles Elton: Masanin da ya faɗakar da duniya kan haɗarin baƙin halittu

An haifi Charles Sutherland Elton ranar 29 ga Maris 1900 a birnin Manchesta na ƙasar Ingila. Ya karanci ilimin dabbobi a Jami'ar Oxford, kuma tun yana ɗalibi, a 1921, ya bi ayarin masu bincike zuwa tsibirin Spitsbergen mai tsananin sanyi. A can, da yake halittu ba su da yawa, ya samu damar bin diddigin wace dabba ke cin wace, da yadda rayuwar kowace ta rataya a kan ta wata.

A 1927 ya wallafa littafinsa na farko kan dangantakar dabbobi da muhallinsu, a 1932 kuma ya kafa cibiyar nazarin yawan dabbobi a Oxford. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai cibiyar ta karkata ga yaƙi da ɓeraye masu ɓarnar hatsi.

Amma aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne littafin da ya fitar a 1958, The Ecology of Invasions by Animals and Plants. Cikin misalan da ya kawo akwai sauron zazzaɓin cizon sauro na Afirka, wanda aka gano a Natal ta Brazil a 1930, ana kuma kyautata zaton jirgin ruwa ne ya ɗauko shi daga Dakar. Sauron ya haddasa mummunar annoba kafin a kawar da shi a 1940. Hujjar Elton ita ce, baƙuwar halitta kan baro abokan gabarta a gida, ta tarar da 'yan ƙasa da ba su san makircinta ba.

Masu nazarin kwaɗi sun tabbatar da wannan daga baya. A tsaunukan Kalifoniya, kifayen da aka zuba a tafkunan da a da babu kifi sun cinye 'ya'yan kwaɗin wurin, har nau'insu ya ɓace daga tafkuna da dama. A jihar Oregon kuwa, wani bincike na 1997 ya duba jajayen kwaɗin yankin, waɗanda wani burduddugi da aka kawo daga gabashin Amurka ke farauta. 'Ya'yan da suka fito daga tafkunan da aka daɗe ana zaune da baƙon sukan lafe su ɓuya da zarar sun ji ƙanshinsa a ruwa. Waɗanda kakanninsu ba su taɓa haɗuwa da shi ba kuwa ba sa ɓuya, don haka su aka fi cinyewa. Da haka mafarauci ke tace zuri'a: mai tsoro ya tsira ya hayayyafa, marar tsoro ya ƙare.

Elton ya yi ritaya a 1967, ya rasu a Oxford ranar 1 ga Mayu 1991. Gargaɗinsa ya shafi fadamun Bodinga da madatsar ruwa ta Shagari kamar yadda ya shafi tafkunan Amurka. Kwaɗin da ke kuka da damina suna cin ƙwari a gonaki, su kuma abinci ne ga tsuntsaye da macizai. Zuba baƙon kifi a tafki aikin yini ɗaya ne, amma fitar da shi bayan ya hayayyafa kan gagari hukuma shekara da shekaru.