Ɗan Maraya Jos, mai kuntigin talakawa (1946-2015)

Daga Sarkin Yamma har birnin Maraɗi, da wuya a sami magidancin da bai taɓa jin muryar Ɗan Maraya Jos a rediyo ko a kaset ba. Yau ga tarihinsa a taƙaice.

Sunansa na yanka Adamu. An haife shi a shekarar 1946 a Bukuru, garin haƙar kuza kusa da Jos, cikin ƙasar Najeriya. Mahaifinsa makaɗin fada ne, amma Allah ya yi masa rasuwa Adamu yana jariri, mahaifiyarsa kuma ba ta daɗe ba ta bi shi. Sarkin Hausawan Bukuru ne ya ɗauke shi ya rena. Daga nan ne laƙabin Ɗan Maraya ya bi shi.

Tun yana yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, inda ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa. Kuntigi shi ne ƙarami cikin dangin molo da garaya da gurmi. Gwangwanin kifi ake rufewa da fatar akuya, a soka masa siririn itace, a ɗaura tsirkiya guda. Wasu ƙasashe ma suna da irin wannan ƙaramin abin kiɗa. A tsibiran Hawai akwai ukulele, wanda masassaƙa ƴan Fotugal da suka sauka can a 1879 suka ƙago, amma shi tsirkiyarsa huɗu. Ɗan Maraya da guda ɗaya ya wadatu, ba ƴan amshi, ba taron makaɗa.

Ga al'ada, ɗan makaɗin fada sarakuna yake yi wa waƙa, domin a can ake samun doki da riga. Shi ma ya yabi manya, amma abin da ya ɗaukaka shi dabam ne. Cikin waƙoƙinsa na farko akwai ta Karen Mota, wato yaron da yake lodi, yake sa wa taya waigi, yake kwana a ƙarƙashin mota, mutumin da ba wanda ya taɓa tunanin ya cancanci yabo. Daga baya ya waiwayi zaman iyali. A Jawabin Aure yakan sake murya, ya zama miji, ya zama mata, kowa ya faɗi laifin ɗan'uwansa. Ya soki auren dole da gulma, ya yi wa mai akwai da mai babu nasiha. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya.

Kuntigin nan ya kai shi ƙasashe da dama na duniya. Gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lambobin girma, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga watan Yuni 2015, bayan ya yi jinya.

Abin lura a nan shi ne, maraya da gwangwani ya faɗa wa jama'a gaskiyar da manyan makaɗa suka kauce wa, aka kuma saurare shi. Ya kamata matasanmu su riƙe kayan kiɗan gargajiya, hukumomi kuma su taimaka a adana tsofaffin kaset kafin su lalace. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, amin.