Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin da ya ƙawata Masallacin Juma'a na Zariya

A tarihin gine-ginen ƙasar Hausa, da wuya a sami sunan da ya kai na Muhammadu Durugu ɗaukaka. Wasu marubuta suna kiransa Malam Mika'ilu, amma laƙabinsa na Babban Gwani shi ya fi shahara, har wata unguwa a birnin Zariya take amsa wannan suna zuwa yau.

Ya rayu a ƙarni na 19, lokacin da masarautun Daular Usmaniyya ke gina masallatai da fadoji bayan jihadi. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, aka ɗora masa aikin gina Masallacin Juma'a na Zariya, daura da fadar sarki.

Kayan aikinsa ba su wuce abin da ƙasa ke bayarwa ba: tubali na laka, azara daga itacen giginya wadda gara ba ta cika ci ba, da makuba ta ɓawon ɗorawa. Gwanintarsa ta bayyana a yadda ya sarrafa azara. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi a tazara mai faɗi, sai ya riƙa jera ta hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. A kan waɗannan bakuna aka zaunar da tulluwar rufi, sai zauren salla ya sami tsawo da sarari irin wanda ba a saba gani a ginin ƙasa ba.

Adon cikin masallacin shi ne abin da ya fi jan hankalin masana. Babu surar mutum ko dabba, kamar yadda addini ya tanada. Zane ne na layuka da kusurwoyi da da'irori a jikin ginshiƙai da bakuna, wanda aka fitar da hannu tun yaɓen yana ɗanye, wani wuri a dannawa, wani wuri a tayar da tudu. Adon ya bi ƙirar ginin, yana nuna wa ido inda nauyi ya sauka.

Ana kuma danganta masa Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Jihar Bauchi, wanda aka gina a wajajen 1860, aka sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Game da ƙarshen rayuwarsa, labarin baka ya nuna cewa bayan ya gina masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi.

Irin wannan aiki ba ya rayuwa sai da kulawa. Bayan kowace damina, magina kan duba tsagewa, su kankare yaɓen da ya saki, su share ƙura da sheƙar zanzaro daga cikin zanen a hankali, sannan su cike gurbi da laka irin ta asali, suna bin sawun yatsun maginin farko. A waje kuma a shafa makuba ko laso don hana ruwa shiga. Idan aka yi gaggawar liƙa siminti, danshi kan maƙale a ciki, bangon ya ruɓe, adon ya zube.

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon ginin kankare. An rasa wasu sassa, amma wani ɓangare na zauren salla da bakunansa ya tsira a ƙarƙashin sabon rufi. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna ginin ya zana shi dalla-dalla, kuma an gina kwatankwacinsa a Gidan Tarihin Gine-ginen Gargajiya da ke Jos.

A yau, matasan da ke ƙawata silin da farar hodar POP a Jikwoyi da sauran unguwannin Abuja suna biyan buƙatar da Babban Gwani ya biya wa mutanen zamaninsa, sai dai kayan aikin sun sauya. Masu iya gyaran adon laka da hannu kuwa raguwa suke yi. Muddin ba a koyar da sabbin magina wannan sana'a ba, abin da ya saura na aikinsa a Zariya da Kafin Madaki zai rasa mai gyara shi.