Kurt Lewin: Malamin da ya mayar da wurin aiki fagen bincike

An haifi Kurt Lewin a ranar 9 ga Satumba, 1890, a garin Mogilno, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Jamus, yau kuma yana cikin ƙasar Folan. Iyayensa Yahudawa ne masu ƙaramin kanti, suka koma Berlin a 1905. Ya fara karatun likita, daga baya ya karkata ga nazarin halayyar ɗan Adam, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Berlin. Ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunar Jamus, har ya sami rauni. Da Hitler ya hau mulki a 1933, sai ya yi ƙaura zuwa Amurka. Mahaifiyarsa ba ta tsira ba, tana cikin waɗanda 'yan Nazi suka hallaka.

Mutumin da ya ga yadda umarni daga sama ya lalata ƙasarsa, ba abin mamaki ba ne tambaya ɗaya ta riƙe shi har ƙarshen ransa: ta yaya jama'a ke sauya hali da yardarsu? A Jami'ar Iowa, inda ya koma a 1935, shi da Ronald Lippitt da Ralph White sun raba yara maza rukuni-rukuni ƙarƙashin shugabanni iri uku: mai kama-karya, mai shawara, da mai sakin linzami. Yaran mai kama-karya suna aiki muddin yana tsaye a kansu, da ya ba da baya sai aiki ya lafa. Na mai shawara kuwa, ko ya fita ɗakin suna ci gaba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu nama ya yi ƙaranci a Amurka, gwamnati ta so matan gida su riƙa dafa kayan ciki irin su zuciya da ƙoda, waɗanda ba su saba ci ba. Wasu matan aka yi musu lacca mai tsari, wasu kuma aka bar su suka tattauna ƙyamarsu a tsakaninsu, suka yanke shawara da kansu. Da aka bi sawu, kashi 3 cikin ɗari na 'yan lacca ne suka dafa, amma cikin masu tattaunawa kashi 32 ne.

Tun daga 1939 ya fara aiki da masana'antar Harwood mai ɗinka kayan barci a jihar Bajiniya, inda aiki ke tafiyar hawainiya. Almajiransa suka riƙa zama da ma'aikata, su da kansu su tsayar da adadin da za su cim ma. Binciken da Lester Coch da John French suka buga a 1948 ya nuna cewa waɗanda aka sauya wa tsarin aiki ba tare da jin ta bakinsu ba, aikinsu ya faɗi, wasu ma suka ajiye shi. Waɗanda aka tsara sauyin da su kuwa, cikin ɗan lokaci suka zarce matsayinsu na da.

A maƙalarsa ta 1946 kan matsalolin tsirarun al'ummu, Lewin ya fayyace hanyar da zan kira binciken a-yi-a-gyara. Masu aiki su gano matsala, su tsara mataki, su aiwatar, su tattara hujja kan abin da ya biyo baya, sannan su sake tsari bisa abin da suka gani. Haka za a yi ta zagayawa. Ya kafa cibiyar nazarin rukunin jama'a a MIT a 1945, ya rasu sakamakon bugun zuciya a ranar 12 ga Fabrairu, 1947, yana da shekara 56. Bayansa Stephen Corey a Amurka da Lawrence Stenhouse a Ingila suka kai wannan hanya cikin aji, malami ya zama mai binciken koyarwarsa.

Akwai abin dubawa. Masu suka sun ce a Harwood shugabanni ne suka riga suka yanke abin da za a sauya, ma'aikata sun sa baki ne kawai kan yadda za a yi. Sukar tana da ƙarfi, domin shugaba mai wayo kan iya mayar da shawara ta zama ado.

Duk da haka, a matsayina na mai nazarin harshe, abin da na fi gani a aikin Lewin shi ne batun wanda ke riƙe da magana. A lacca baki ɗaya ne ke motsi, kuma wanda ya saurara bai ɗauki alkawarin komai ba. Wanda ya furta a gaban abokan aikinsa cewa zai yi, ya ɗaure kansa, don magana zarar bunu ce.

Saboda haka, mai karatu, idan kai shugaban makaranta ne ko na asibiti ko na wani sashe, kafin ka sa hannu a kan takardar umarni ta gaba, ko ka sake kiran taron ƙara wa juna sani a otal, zaɓi matsala guda, kamar makara ko dogon layin majinyata. Tara waɗanda ke fama da ita kullum, ku amince kan mataki ɗaya, ku rubuta abin da ya faru na wata guda, ku sake zama. Sharaɗin kawai shi ne ka yarda hujja ta iya karkata ga ra'ayin ƙaramin ma'aikaci, ta bar naka.