Niels Hansen, Baƙon da Ya Nemo wa Maƙwabtansa Iri

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin baƙon da ya sāka wa ƙasar da ta karɓe shi da alheri? Ga labarin wani, domin ka auna naka hali da nasa.

An haifi Niels Hansen a 1866 kusa da garin Ribe, cikin ƙasar Danmark. Yana yaro ƙarami shi da iyalinsu suka ƙetare teku zuwa Amurka, daga baya suka zauna a jihar Iowa. Ya koyi ilimin shuke-shuke a makarantar aikin gona ta Ames, ya gama a 1887. A 1895 aka ba shi aikin koyarwa a Brookings, cikin Dakota ta Kudu.

Ƙasar nan fili ce fetal. Da rani fari yakan ƙone ta, da hunturu kuma ruwa yakan daskare, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki wata da watanni. Manoma, da yawansu baƙi ne kamarsa, suna shuka wata ciyawa mai suna alfalfa, wadda take a gare su kamar yadda harawa take a gare ka, amma sanyi yakan kashe ta tun daga saiwa. Hansen ya yi tunani, ya ga lalle akwai irin da ya saba da ɗari a ƙasashen da suka fi tasu sanyi.

A 1897 ministan aikin gona, James Wilson, ya aike shi nema. Ya ratsa Rasha har Turkistan. Daga Tashkent ya hau keken doki, ya yi tafiyar wajen mil 1,300, ya shiga gefen ƙasar Sin, yana duba ciyawar da ake sayarwa a kasuwanni, yana tambayar makiyaya inda take fitowa. Hunturu ya tarar da shi a hanya. Bai juya ba, sai ya sake keke, ya hau wanda ba shi da ƙafafu, ana jansa bisa ƙanƙara, ya ƙara mil 700 zuwa Omsk ta Sibiriya, inda jirgin ƙasa yake. A tsakani guguwar ƙanƙara ta same shi, ya kwanta ciwo, da kyar ya tashi.

Ya komo da iri mai yawa, amma bai ce aiki ya ƙare ba. A 1906 ya sake tafiya, ya samo alfalfa mai rawayan fure wadda sanyin Sibiriya ba ya kashewa. Ya rarraba wa manoma irin kaɗan kaɗan su gwada. Ya kuma fitar da 'ya'yan itatuwa iri iri masu jure ɗari. Ya rasu a Brookings a 1950.

Ka lura fa, ya ɗan'uwa. Mutumin nan ya sha sanyi domin shanun waɗansu su ƙoshi, gama yawancin waɗanda suka ci moriyar wahalarsa bai taɓa ganin fuskarsu ba. Kai fa? Kadan aikin da aka danƙa maka ya yi wuya, kana juyawa a tsakiyar hanya? Kadan ka sami iri mai kyau, kana ɓoye shi a rumbu, ko kana ɗibar wa maƙwabcinka? Ka riƙe aikinka da aminci, ka kuwa buɗe hannu, ko da ba wanda zai tuna da sunanka.