Anas ɗan Nadaru, Wanda aka Shaida da Kan Yatsunsa

Anas ɗan Nadaru mutumin Madina ne, daga Banu Najjar na ƙabilar Khazraj. Shi ne baffan Anas ɗan Malik, hadimin Annabi (SAW), kuma ta bakin wannan ɗan ɗan'uwan nasa aka san yawancin labarinsa.

Lokacin da aka yi yaƙin Badar a shekarar 624, Anas ba ya nan. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya ɗauki alkawarin in aka sake karawa ba za a bar shi a baya ba. A shekarar 625 kuwa sai rundunar Makka, mutum kimanin 3,000 ƙarƙashin Abu Sufyan, ta sauka a gindin dutsen Uhudu, arewa da Madina. Da farko Musulmi suka yi rinjaye, daga baya reshe ya juye da mujiya, aka baza jita-jitar an kashe Annabi, mutane da yawa suka watse. Anas kuwa ya kutsa cikin abokan gaba, ya yi ta fafatawa har ya faɗi.

Da ƙura ta lafa aka fita neman gawawwaki, domin Musulmi kimanin 70 suka rasu. An tarar da rauni fiye da 80 a jikin Anas, na takobi da mashi da kibiya, an kuma ɓata masa kamanni. Babu wanda ya gane shi sai 'yar'uwarsa Rubayyi'u, wadda ta shaida shi da kan yatsunsa. Ba don ita ba, da an binne shi ba a san ko wane ne ba.

Likitocin binciken gawa na yau ma sau da yawa suna buƙatar taimakon dangi a aikinsu. In ƙasusuwa kaɗai suka rage, ƙashin ƙugu kan nuna namiji ne ko mace, ƙashin cinya ya nuna tsawo, haƙora su taimaka wajen kimanta shekaru. Amma sanin suna, sau da yawa sai an gwada da masu rai. A Srebrenica ta ƙasar Bosniya an kashe mutum kimanin 8,000 a shekarar 1995. Danginsu sun ba da jini, aka kwatanta ƙwayoyin halittarsu da na ƙasusuwan, ta haka aka shaida kusan mutum 7,000.